In Ka Je Gida da Salla, Kai Yara Su Ga Tiga

'Yan'uwanmu mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu sun saba da ruwa. Mai zama Anacha kullum yana kallon Kogin Kwara a ƙarƙashin gada. Shi ya sa yaran da aka haifa a nan Kudu suke zaton Arewa ba komai sai rana da ƙura. To, in Allah ya kai ka gida da Salla, sai ka ɗauke su zuwa Tiga su gani da idonsu.

Madatsar ruwa ta Tiga tana kudu da birnin Kano, tafiyar kilomita kamar 70. An gina ta a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 178. Da ruwansa ne manoman Kadawa da Kura suke noman rani, watau alkama da shinkafa da tumatir. Masar ma haka ta yi a Aswan, inda ta tare Kogin Nilu a 1970, Tafkin Nasser ya kwanta a tsakiyar hamada.

Mai zuwa shan iska zai tarar da duwatsu da inuwa da masunta cikin kwalekwale, ya sayi ɗanyen kifi da araha. Dajin Falgore kuma yana can kudu da tafkin.

Amma fa a yi hattara. Ruwan dam shiru gare shi, ga zurfi. A ran 30 ga Nuwamba 2021 wani jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Lodi ne ya yi wa jirgin yawa. Saboda haka kada ka shiga jirgin da ya cika, ko da an ce shi ne na ƙarshe, kuma ka nemi rigar ruwa. Kada a bar yara su yi wanka a bakin tafki, domin a irin wannan kwantaccen ruwa ake ɗaukar tsargiya, mai sa fitsarin jini.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.