Alobera a Tukunya: Abin da Ke Gaskiya da Abin da Ba Gaskiya Ba Game da Ban Ruwa

A gidaje da dama a Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, za ka tarar da alobera a tsakar gida, wata a tsohuwar robar fenti, wata a fasasshiyar tukunya, wata a gwangwanin madara. Mata na yankar ganyenta don gashi da fata, ana shafa ruwanta a ƙaramar ƙuna. Amma ka tambayi masu ita yadda ake ba ta ruwa, sai ka ji magana biyu masu karo da juna. Wasu su ce tsiron hamada ce, ba ruwanta da ruwa. Wasu su ce a wannan zafi namu, in ba a shayar da ita safe da yamma ba, ba za ta kai labari ba. Kowace magana da ɗan ƙamshin gaskiya a jikinta, kuma kowacce ta kashe alobera mai yawa.

Ta farkon ta fi kusa da gaskiya. Asalin alobera yankin Larabawa ne, wuraren duwatsu masu ƙarancin ruwan sama, kuma danginta sun haura iri 500, mafi yawansu a Afirka. Wannan farar majinar da ke cikin ganyenta kusan kashi 99 cikin ɗari ruwa ne, wato kowane ganye salka ce. Tana da wata dabara kuma: yawancin tsirrai suna buɗe ƙananan ƙofofin ganyensu da rana, ruwa yana ta fita, ita kuwa takan rufe nata har dare ya yi, iska ta yi sanyi, sannan ta buɗe ta shaƙi abin da take buƙata. Abarba ma haka take yi. Shi ya sa alobera ke iya shafe makonni ba ɗigon ruwa ba ta mutu ba. Sai dai rashin mutuwa daban, lafiya daban. Wadda ke tukunya ba ta da inda saiwarta za ta miƙa neman danshi. In an manta da ita, ajiyarta take ci: ganyen ya sirance, ya naɗe ciki kamar kwararo, bakinsa ya bushe. Mai irin wannan ganye ba abin da zai matsa ya samu.

Magana ta biyu ce ta fi ɓarna, domin da kyakkyawar niyya ake yin ta. Saiwar alobera ba ta nitsawa can ƙasa, kusa da sama take bazuwa, kuma tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. In ƙasa ta zauna jiƙe kwana da kwanaki, iska ba ta ratsa ta, sai saiwar ta shaƙe ta fara ruɓewa, ruɓar ta hau zuwa gindi. Abin tausayin shi ne, ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta jan ruwa, don haka ganyen yakan yi laushi ya kwanta, mai ita ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara mata buta guda. Ga yadda ake bambance su. Ganyen da ke jin ƙishi siriri ne, a bushe, amma da ƙarfinsa. Wanda ruwa ya yi wa yawa yakan kumbura ya yi taɓas-taɓas daga gindi, launinsa ya koma rawaya, ka ja shi kaɗan ya cire, wani lokaci har da wari.

Akwai wuri guda da nake roƙon a daina ajiye ta: bakin wurin alwala. Mutane na cewa ai ruwan alwala mai tsabta ne, kada ya tafi a banza, kuma gaskiya ne, ruwan ba shi da aibi ko kaɗan. Yawansa ne matsalar. Gida mai mutum shida, sau biyar a rana, wannan ban ruwan ayaba ne ko rake. Haka gindin randa, inda ƙasa ba ta taɓa bushewa. Ruwan wanki da na wanke-wanke kuwa, shi aibinsa a jikinsa yake, domin gishirin da ke cikin omo da sabulu yana taruwa a tukunya ya ƙone saiwa. Na san ruwa kuɗi ne a garuruwan nan, musamman da bazara lokacin da 'yan garuwa ke tsada, amma alobera ɗaya ba ta shan abin da ya kai buta biyu a mako ko a tsakiyar zafi.

Masu bincike a intanet sukan dawo da wata ƙa'ida: a yawaita ruwa lokacin zafi, a rage lokacin sanyi. An rubuta wannan ne don mutanen Ingila da Amurka, masu ajiye tsiron a cikin ɗaki, inda ruwan sama ba ya taɓa shi kuma rana ke ƙaranci da sanyi. Mu namu a tsakar gida yake, kuma ruwan shekararmu duka a cikin wata huɗu zuwa biyar yake sauka, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Saboda haka lokacin haɗari a arewacin Zamfara damina ce, musamman markar Agusta. A wannan lokaci ba a ba ta ruwa sam, sai dai a kare ta daga shi. A ɗauke tukunyar daga ƙarƙashin indararo, a ɗora ta kan bulo ko duwatsu don kada ta zauna cikin kwatami, in marka ta yi kwanaki a shigar da ita ƙarƙashin baranda inda haske ke isa.

Da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, sai a koma shayarwa a hankali. Hunturu shi ne mai ruɗarwa. Dare da sanyi, girman tsiron ya ragu, amma iskar a bushe take ƙwarai, tana tsotse danshin tukunya. Sau ɗaya a mako biyu ko uku yakan isa, a kuma goge ƙurar da ta lulluɓe ganyen da jiƙaƙƙen tsumma. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙaramar tukunya na iya neman ruwa duk mako. Waɗannan duka kimantawa ne. Abin dogaro shi ne ƙasar kanta: a soka yatsa ko tsinke har gaɓa biyu, in ya fito da danshi a bari, in ya fito a bushe a zuba ruwa sosai har ya tsiyayo ta ƙasa, sannan a ƙyale ta. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum ba ya isa ga saiwa, sai dai ya jiƙa gindin, inda ruɓa ke farawa. A zuba a kan ƙasa, kada a zuba cikin zuciyar ganyen, da sassafe ko bayan la'asar.

In ganyen ya yi ja-ja ko ruwan ƙasa da bazara, wasu kan ce ta mutu. Ba ta mutu ba, rana ce ta yi mata yawa, ta canza launi don kare kanta. A mai da ita inda za ta sami hantsi ta tsira daga ranar azahar, cikin 'yan makonni korenta zai dawo. Baƙar roba a tsakiyar rana kuwa dafa saiwa take yi.

Sai maganar tsakuwa. An yarda cewa in an shimfiɗa tsakuwa a ƙasan bokiti, ba sai an huda shi ba. Ƙarya ce. Ruwan na nan kwance tsakanin tsakuwar, ba inda za shi, kuma ƙasar da ke sama tana ta shan danshinsa. Huda ba ta da madadi. Tukunyar ƙasa ta fi roba nesa ba kusa ba, saboda dalilin da ya sa randa ke sanyaya ruwa: jikinta na numfashi. Ƙasar fadama mai laka, irin wadda shinkafa ke so a wajen Shinkafi, ba ta dace da ita ba. A nemi yashi mai gautsi irin na bakin Gulbin Gagare, a haɗa shi rabi da rabi da ƙasar jigawa, a sa ɗan ruɓaɓɓen taki da ya huce. In farin ɓawo ya fito a bakin tukunya, alamar ruwan da ake ba ta na da zartsi ne, sai a tari ruwan sama a wanke ƙasar da shi.

Wadda ta fara ruɓewa ana iya ceto ta in zuciyarta na da ƙarfi. A tumɓuke ta, a yanke duk saiwar da ta yi baƙi da wuƙa mai tsabta, a ajiye ta a inuwa kwana biyu ko uku ciwon ya bushe, a dasa a busasshiyar ƙasa, kada a ba ta ruwa sai bayan mako guda. Amma zancen a yanki ganye ɗaya a binne ya tsiro, da wuya hakan ta faru, ruɓewa yake yi. Ina jin daga aguwa aka ɗauko wannan tunani, ita da ake sara reshenta a kafa a shingen gona ya kama. Alobera ta 'ya'yan da ke fitowa a gindinta ake yaɗa ta.

Masu furen kariya a tukunya su ma su kula da ban ruwa. Ita a kumburarren gindinta take ajiye ruwa, kuma da rani takan zubar da ganyenta ta tsaya tsirara, sau da yawa a lokacin ne take fidda furenta mai ruwan hoda. Wannan hutu ne, ba ƙishi ba, kuma yawan ruwa a lokacin yana ruɓar da gindin. A matsa shi da yatsa: in da tauri, a bar ta sai sabon ganye ya fara toho. Ruwan jikinta dafi ne, har a kibiya an sa shi a wasu sassan Afirka, don haka a ɗaga ta inda yara da awaki ba za su kai ba, a kuma wanke hannu bayan an yanke ta.