Ciwon So: Abin da Rabuwa Ke Yi wa Jiki

Ciwon so ciwo ne na gaske, kuma tushensa a ƙwaƙwalwa yake, ko da yake a ƙirji ake jin sa. Idan so ya kama mutum, ƙwaƙwalwarsa kan riƙa sakin sinadarin dofamin, mai haddasa ɗoki da marmari. Shi ke sa saurayi ya hau babur daga garin Yankwashi zuwa wani ƙauye mai nisa saboda zancen rabin sa'a a ƙofar gida, ya dawo cikin dare bai san gajiya ba.

Rabuwa ba ta kashe wannan marmari nan take. A 2010 Helen Fisher da abokan aikinta a Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 15 da masoyansu suka guje su. Da aka nuna wa kowanne hoton wanda ya bar shi, sai sassan da kan motsa wa mai jarabar ƙwaya suka motsa. A 2011 kuma Ethan Kross na Jami'ar Mishigan ya gwada mutum 40, ya gano cewa tuna rabuwa da jin zafi a fata suna taɓa wasu wurare iri ɗaya a ƙwaƙwalwa. Damuwar kan hana barci, ta ɗauke sha'awar abinci, har mutum ya rame. Akwai ma ciwon da likitocin Japan suka bayyana a 1990, takotsubo, inda baƙin ciki mai tsanani kan raunana tsokar zuciya na ɗan lokaci. Ya fi kama mata masu manyan shekaru.

A masarautar Kazaure, kamar sauran ƙasar Hausa, rabuwa ba ta mutum biyu ba ce. In an riga an yi baiko ko an sa rana, sai manya sun zauna, a mayar da kaya, gari kuwa duk ya ji. Kunya kan hana budurwa faɗin abin da ke cin ta, namiji kuma a ce masa ya daure, ai matar mutum kabarinsa. Maganar tana sanyaya zuciya, amma ba daidai ba ne a rufe bakin mai ciwo da ita kafin a saurare shi.

Marmarin yana raguwa ne idan aka daina ciyar da shi, kuma a nan wayar hannu ta zama matsala. Duk leƙen hoton tsohon masoyi a WhatsApp, duk sake sauraron tsohon saƙon murya, fami ne. Nisantar waɗannan, da komawa ga sana'a, ibada da zama cikin 'yan'uwa, suna taimakawa. Idan ƙunci ya wuce mako biyu yana hana mutum harkokinsa, sai a ga likita. In kuwa ya fara zancen kashe kansa, ba a jira ko kwana ɗaya. Akwai asibitin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Kazaure.