IDAN ƘAFAR JIRGI TA ƘI FITA

Tsakanin Yamai da Filinge akwai kimanin kilomita 180. Ƙaramin jirgin sama irin wanda ake koyon tuƙi da shi yana cinye wannan tafiya cikin awa guda. Tashi ba shi ne abin da ya fi ba ɗalibi wahala ba, sauka ce. Sauka kuwa ta rataya ne a kan ƙafafu uku: biyu a tsakiya, ɗaya a goshi.

Ƙafafun nan iri biyu ne. Jirage kamar Cessna 172 nasu a kafe suke, ba su shiga ba su fita. Matsalarsu ita ce ɗalibi ya dira da ƙarfi a kan ta goshi, wadda ba a ƙera ta don ɗaukar nauyin jirgi duka ba, sai ta lanƙwashe, farfela ta sari ƙasa. Wasu kuma, kamar Diamond DA42, suna naɗe ƙafafunsu bayan tashi, kamar yadda shaho ke yi. Kafin sauka matuƙi yana jiran fitilu uku kore. Idan biyu suka kama ɗaya ta ƙi, to, magana ta canja.

Dalilan ba boyayyu ba ne: man da ke tura ƙafar ya yoye, ko wuta ta yanke, ko ƙurar hunturu ta cushe gaɓoɓin. Wani lokaci kuma, abin kunya, mantuwa ce kawai. Saboda haka kowane jirgi yana da hanya ta biyu, ko a murɗa ƙafar da hannu, ko a sake ta ta faɗo da nauyinta. In duk sun ƙi, matuƙi ya ratsa ƙasa-ƙasa gaban hasumiya a duba masa, ya yi ta kewayo har mai ya ragu, sannan ya kwantar da jirgin a kan cikinsa.

Wannan sauka ba kasafai take kisa ba. Ranar 1 ga Nuwamba 2011, Kyaftin Tadeusz Wrona ya sauke Boeing 767 a kan ciki a birnin Warso na ƙasar Polan, da mutum 231, ba wanda ya rasu. Bincike ya nuna bututun mai ne ya fashe, hanya ta biyu kuma wani ɗan makunnin wuta da ke kashe ne ya hana ta aiki. A Kano ma, ranar 28 ga Janairu 2025, ƙafar goshin wani jirgin Max Air ta karye wajen sauka, fasinja 53 suka fita lafiya.

Sai dai Warso da Kano suna da kwalta da motocin kashe gobara. Ƙasar Kurfai ba haka take ba. Rairayin Dallol Boso mai laushi ne, taya na nutsewa cikinsa, jirgi ya kife. Shi ya sa matuƙin da larura ta kama a daji yakan nemi fako, wani lokaci ma da gangan yake barin ƙafafun a naɗe. Ga shanu da raƙuma ko'ina, balle ranar Lahadi da kasuwar Filinge ke ci, ko wajen Tukunus inda ake kiwon shanun Azawak.

A nan ne aikin talakawa ya shigo. Wanda ya ga ƙaramin jirgi na kewaya fili ƙasa-ƙasa, ba wasa yake yi ba: a kore dabbobi, a janye yara. Bayan ya tsaya kada kowa ya matso da taba ko wuta, domin man jirgi na iya kamawa, kada kuma a taɓa farfela ko da ta daina juyawa. A taimaki waɗanda ke ciki su yi nisa, a aika wa jandarma. Ko ƙusa ɗaya kada a ɗauke, don sau da yawa a jikinta masu bincike ke gano abin da ya hana ƙafar fita.