Kafin Ka Sa wa Giyar Otomatik Kasko Mai Zurfi

Zafi ne babban makashin giyar otomatik. Man da ke cikinta shi ke isar da ƙarfin inji, shi ke matse kuloci idan za a canja giya, shi kuma ke kwashe zafi. Yana jin daɗin aiki a ma'aunin Selsiyos 80 zuwa 95. Idan ya haura 120 ya daɗe a can, sai ya fara ƙonewa, launinsa ya tashi daga ja ya koma ƙasa-ƙasa, robobin ciki su ƙandare.

Wannan ne ya sa masu manyan motocin ɗaukar kaya a Amurka, musamman masu jan tirela, ke cire kaskon da kamfani ya ɗaura a ƙasan giya su maye shi da mai zurfi. Kamfanoni irin su B&M da Mag-Hytec da PML sun yi suna a ƙera shi, galibi da alminiyum mai kauri, bayansa da tsaga-tsaga don iska ta riƙa shafa. Yakan ƙara wa giya mai lita 2 zuwa 4.

Sai dai akwai abin da mai sayarwa ba ya cika faɗa. Ruwan babbar tukunya ya fi na ƙarama jinkirin tafasa, amma in aka bar shi a kan wuta zai tafasa. Idan hawan tudu ne na ɗan lokaci da kaya, ƙarin man zai shanye zafin kafin ya yi ɓarna. Idan kuwa doguwar tafiya ce a tsakar rana, daga baya zafin zai kusan kai inda ya saba kaiwa. Wanda giyarsa ke zafi kullum, abin da yake buƙata shi ne ƙaramin lagireton man giya da ake ɗaurawa a gaban mota. A ganina, babbar ribar kaskon ita ce notin tsiyaye mai, domin kaskon asali na motoci da yawa ba shi da shi, duk ranar juye sai bakanike ya yi wanka da mai.

Mu ɗauki giyar 4L60E ta kamfanin General Motors, wadda ta fito a 1993, aka kuma zuba ta a Chevrolet Tahoe da Suburban da Silverado. Noti 16 ne ke riƙe da kaskonta. Idan za a canja shi, a ɗaga mota a tokare ta da ƙarfe, kada a dogara da jak kaɗai. A sassauta notocin gefe ɗaya tukuna, kaskon ya karkata, man ya zubo ta kusurwa guda. Abin da zai fito bai kai rabin man giyar ba, sauran na maƙale a ciki. Kafin a ajiye tsohon kaskon a duba maganaɗisun da ke gindinsa: laushin baƙin gari ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe alama ce ta ciwon da sabon kasko ba zai warkar ba.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne filtar da ke cikin kaskon. Da yake gindin kaskon ya yi ƙasa, wani samfurin yana zuwa da bututun ƙara tsawo, wani da ginshiƙan da ke tallafe filtar, wani kuma dole a sayo masa doguwar filta. Idan aka mayar da gajeriya ba abin tallafi, tana iya zamewa daga mazauninta, famfo ya riƙa zuƙar iska, kuloci ya ƙone cikin ɗan lokaci. Tsohuwar robar bakin filta ma takan maƙale a rami, a tabbata an zaro ta.

Ɗaurin noti kuma ba gwajin ƙarfi ba ne. Jikin giyar alminiyum ne, zarensa na saurin cinyewa. Kusan Nm 11 kamfanin ya ƙayyade, a bi su a gicciye, kaɗan-kaɗan. Kada a laɓta gam, domin gutsurensa na iya toshe hanyoyin mai.

Ƙarin man a ƙasa yake zama, don haka alamar cika a sandar awo ba ta canja ba. A zuba Dexron VI, a tayar da inji, a zagaya da giya kowane matsayi, a auna man yayin da mota ke tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri bayan ta ɗau zafi.

Ga mai mota a nan gida, akwai ƙarin lissafi. Kaskon na rage tazarar mota da ƙasa, kuma inda na ƙarfe zai lotsa in ya daki dutse ko tudun rage gudu, na alminiyum tsagewa yake yi, man ya tsiyaye a hanya. Tsofaffin Honda Accord da suka cika titunanmu ma giyarsu ba ta da kaskon da ake cirewa ta ƙasa, ba inda za a ɗaura shi.