Tafiyar ƴar tsoka daga ɗakin fiɗa zuwa madubin likita

 

Hirarmu ta yau ta lafiya ce. Za mu shiga wani ɗaki wanda maras lafiya ba ya shiga, amma sau da yawa a cikinsa ne ake gano sunan ciwonsa. Ma'aikatan asibiti suna ce masa labo anapat. Shi ne ɗakin binciken tsokar jiki.

Wataƙila kun taɓa ganin haka. An yi wa wani naku aiki a asibiti, sai aka miƙa wa dangi ƴar kwalba da ruwa a ciki, da guntun tsoka, aka ce a kai labo. Wasu suna kaiwa. Wasu suna ajiye ta a gida har su mance. Wasu suna kaiwa amma ba su komawa karɓar sakamako. Ku saurara ku ji aikin da ake yi wa wannan tsoka, domin kwalbar nan tana iya zama sanadin ceton rai.

Domi ake ɗebe tsoka?

Jikin mutum kamar gini ne. Gini da tubali ake yin shi. Jiki kuma da wasu ƙananan ƙwayoyi aka halicce shi, waɗanda ido ba ya gani. A shekara ta 1858 wani likita Bajamushe mai suna Rudolf Firsho ya bayyana cewa cuta tana farawa daga waɗannan ƙwayoyi. Wanda ke son ya san cuta, sai ya duba su.

Idan ƙulli ya fito wa mace a nono, ko kumburi ya fito wa mutum a wuya, likita yana taɓa shi da hannu. Yana iya ɗaukar hoto ya ga girmansa. Amma hannu da hoto ba su iya tabbatar da ko ƙullin na lafiya ne, ko ciwon daji ne, wato sankara. Sai an ɗebi ɗan kaɗan an duba ƙwayoyinsa. Wannan ɗiba ita ake kira biyopsi.

Mutane da yawa suna cewa daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi sai ya bazu. Ba haka ba ne. Abin da ke ba shi damar bazuwa shi ne a zauna wata da watanni ba a san shi ba.

Aiki na farko: formol

Kowane mahauci ya san naman da aka yanka da safe a lokacin bazara ba ya kai dare bai canza ba. Tsokar mutum ma haka take. Da an raba ta da jiki sai ta fara lalacewa. Ruɓaɓɓiyar tsoka kuwa ba ta nuna wa likita komi.

Saboda haka nan da nan ake saka ta cikin wani ruwa mai suna formol. Formol yana tsaida ruɓa, yana ƙarfafa tsoka, ya bar ƙwayoyinta yadda suke. Wani likita na birnin Firankfot a ƙasar Jamus, Fardinan Bulum, shi ya gano wannan amfani a 1893. Yana aiki da ruwan, sai ya lura fatar yatsunsa ta yi tauri.

Akwai ƙa'ida. Ana tsarma formol da ruwa: kashi 1 na formol, kashi 9 na ruwa. Kuma ruwan da ke cikin kwalba ya kamata ya ninka girman tsokar sau 10. Formol ba ya gaugawa. Yana shiga tsoka wajen milimeta 1 cikin awa guda. Ƙaramar tsoka takan kwana ɗaya a ciki. Babba kuwa sai an tsattsaga ta don ruwan ya kai tsakiya, kuma tana iya yin kwana 2.

Ku riƙe wannan: formol dafi ne. Yana ƙona ido da hanci. Ma'aikata suna sa safar hannu, suna aiki inda iska ke fita. Ba a shan shi, ba a kusanta shi da abinci.

Lamba da ƴar akwati

Da kwalba ta iso labo, sai a duba sunan da ke jikinta da wanda ke cikin takarda. In sun yi daidai, sai a ba ta lamba. Wannan lamba za ta bi tsokar har ƙarshen aiki, don kada ta Hassan ta zama ta Husaini.

Likita zai fitar da tsokar, ya auna tsawonta da faɗinta, ya rubuta launinta. Sai ya yanki wuraren da yake tuhuma, kaurin kowane yanki bai wuce milimeta 3 ko 4 ba. Ana sa kowane yanki cikin ƴar akwatin roba mai ƙofofi, ba ta kai akwatin ashana girma ba. Sunanta kaset. Da fensir ake rubuta lamba a jikinta, don ruwayen da za ta shiga suna wanke tawadar bik.

A fitar da ruwa, a sa kaki

Don a ga ƙwayoyin tsoka sai an yanka ta siriri ƙwarai, har haske ya iya ratsa ta. Amma tsoka tana da laushi, wuƙa na danna ta sai ta lanƙwashe. Dabara ita ce a cika ta da kaki, irin wanda ake yin kyandir da shi. Sunansa parafin.

To, ga wuya ɗaya. Tsoka cike take da ruwa, kaki kuwa ba ya haɗuwa da ruwa, kamar yadda mai ba ya haɗuwa da shi. Sai an bi mataki-mataki.

Da farko ana tsoma kaset cikin alkol, don alkol yana janye ruwa. Ana farawa da mai ƙarfin 70, a wuce zuwa 95, a ƙare da 100. In aka fara da mai ƙarfi, tsoka sai ta ƙanƙance ta bushe.

Bayan haka sai a tsoma ta cikin wani ruwa mai wari, sunansa zilan. Shi yana korar alkol, kuma yana haɗuwa da kaki.

Daga nan sai narkakken kaki, mai zafin digiri 60 ko kusa da haka. Kakin zai shiga duk inda ruwa ya fita.

Akwai na'ura mai yin wannan aiki ita kaɗai cikin dare ɗaya. Inda babu ita, ma'aikaci ne ke ɗauke kaset daga kwalba zuwa kwalba, yana duban agogo. In wutar lantarki ta ɗauke a tsakiyar aiki, kaki yana daskarewa, sai an jira an sake narka shi.

Da safe sai a ɗora tsokar cikin wani ɗan kwano na ƙarfe, a zuba kaki a kanta, a bar shi ya huce. Ma'aikaci yana lura da gefen da ya sa ƙasa, don gefen nan wuƙa za ta fara ci. Abin da ya fito shi ne dunƙulen kaki mai kusurwa 4, da tsoka a cikinsa. Ana ce masa bulok.

Wuƙar da ta fi ta mai kilishi

Kun san gwanintar mai kilishi, yadda yake feɗe nama har ya zama kamar takarda. To, a labo akwai na'ura mai suna mikrotom wadda ta wuce nan nesa. Tana da wuƙa mai kaifi kamar reza, da wata ƙafa da ake juyawa da hannu, irin ta keken ɗinki. Duk juyi ɗaya, bulok zai matso gaba kaɗan, ya sauka a kan wuƙa, ta shafto siririn yanki.

Yaya sirintarsa take? Ku ɗauki milimeta 1, ku raba shi gida 1000. Kowane gida sunansa mikron. Yankin da mikrotom ke fiddawa mikron 3 zuwa 5 ne. Silin gashin kai ya fi shi kauri fiye da sau 10. Ko numfashi mai ƙarfi yana iya hure shi.

A ƙasa mai zafi irin tamu, kaki yana saurin yin laushi. Shi ya sa ake ɗora bulok a kan ƙanƙara kafin a yanka.

Yankin yana fitowa a tattare. Sai a ɗauke shi da ɗan buroshi, a shimfiɗa shi a kan ruwa mai ɗumi, wajen digiri 45. Ɗumin zai miƙe shi. Sai a zura ɗan gilashi ta ƙarƙashi a ɗauko shi. Gilashin nan tsawonsa santimeta 7 da rabi ne, ma'aikata suna ce masa lam. Ana rubuta lamba a kansa, a sa shi ya bushe.

Rini

Yankin da ke kan lam ba shi da launi. In aka duba shi haka, ba a ganin komi sosai. Sai an rina shi, kamar yadda marina ke rina zane a karofi.

Ana fara wanke kakin da zilan, a bi da alkol, a komo ga ruwa. Sa'an nan a tsoma lam cikin rini iri 2.

Na farko sunansa ematoksilin. Daga zuciyar wani icce ake samun shi, wanda asalinsa ƙasar Meksiko ne da maƙwabtanta. Ba ya kamawa shi kaɗai, sai an haɗa shi da alif, irin wanda ake sa wa ruwa don ya kwanta. Yana rina tsakiyar kowace ƙwaya shuɗi.

Na biyu sunansa eyozin. Yana rina sauran jikin ƙwaya ja-ja, ruwan hoda.

Bayan rini sai a ɗiga danƙo, a rufe da wani gilashi siriri. Aikin hannu ya ƙare kenan.

Akwai wasu rinin na musamman. Akwai wanda ke fito da ƙwayoyin cutar tarin fuka jajaye. A tsokar mafitsara kuma ana iya ganin ƙwan tsutsar tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini.

Idon likita

Yanzu lam ya iso gaban likitan anapat. Zai ɗora shi a kan madubin likita, wato mikroskop, wanda ke ƙara girman abu sau 40, sau 100, ko sau 400.

Mi yake nema? A tsoka mai lafiya, ƙwayoyi suna jere kamar tubalin gini mai kyau, girmansu kusan ɗaya. A ciwon daji sun watse, wasu manya wasu ƙanana, tsakiyarsu ta kumbura ta yi duhu, sun tsallake iyakarsu sun shiga ta maƙwabta. Likita yana duba bakin yankan kuma, don ya sani ko an cire ciwon duka ko akwai saura.

Sai ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu. Ba a zubar da bulok da lam. Ana ajiye su shekaru, don a sake dubawa in bukata ta taso.

Ku sani, ba kowane ƙulli ne daji ba. Da yawa ƙullin nono na lafiya ne. Takardar labo tana iya kawo kwanciyar hankali.

Domi sakamako ke daɗewa?

Ku ƙidaya da kanku: kwana a formol, dare a alkol da kaki, yini na yanka da rini, sa'an nan dubawa. Ko babu layi, aikin yana cin kwanaki. Ƙashi ya fi daɗewa, don sai an jiƙa shi cikin ruwan asid ya yi laushi. In asibitin garinku ba shi da wannan labo, ga tafiya kuma. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilometa 900 ne.

A Yamai akwai labo anapat a sashen koyon aikin likita na Jami'ar Abdu Mumuni. A can aka buɗe rajistar masu ciwon daji ta ƙasa a 1992. Rajistar ta nuna sankarar nono ita ce ta fi kama mata a Nijar. A 2021 kuma cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai ta fara gasa ciwo da haske. Amma likita ba ya fara irin wannan magani da ka. Sai ya ga takardar anapat.

Abin da ya rage gare mu

In an miƙa muku kwalba, ga abin da za ku kiyaye:

1. Ku karanta sunan da ke jikinta. Ku tabbata na maras lafiyarku ne. Ku tabbata akwai takardar likita tare da ita.

2. Ku duba ko ruwan ya rufe tsokar duka. In bai rufe ba, ku gaya wa ma'aikacin asibiti tun kafin ku tashi.

3. Kada ku buɗe ta. Kada ku ƙara mata ruwa. Kada ku sa ta cikin ƙanƙara, don ƙanƙara tana fasa ƙwayoyin tsoka.

4. Ku riƙe ta a tsaye, cikin inuwa, nesa da yara da abinci.

5. Ku kai ta da wuri. Kada ku bizne ta, kada ku raba ta biyu.

6. Ku adana ƴar takarda mai lamba da za a ba ku. Ku koma ranar da aka ce. In kun karɓi sakamako, ku kai wa likitan da ya yi aikin, ko da maras lafiya ya ji sauƙi. Warkewar miki ba ita ce shaidar ciwo ya tafi ba.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ciwon daji ma tun yana ƙarami ake cin ƙarfinsa.

Ga tambayoyi 3 da za ku tattauna a ajinku tare da malaminku:

Domi ake saka tsoka cikin formol nan da nan?

Domi ake rina yankin tsoka kafin a duba shi?

Wa ya kamata a kai wa takardar sakamako?

Jama'a, nan za mu dakata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya. Sai wani sati, in Allah ya kai mu.