Kuri'a da kuɗi: yadda ake haɗa 'yan kokowa a gasar takobi

Da zarar an kai gero rumbu, daga Tajaye zuwa Malbaza da Ƙonni, gangar kokowa ke tashi. Daga filayen ƙauye ake tace gwanaye zuwa matakin gunduma, sannan na jaha, har a fitar da goman da za su wakilci Tawa a gasar takobin ƙasa. To amma wa ke cewa wane zai kama da wane, kuma daga aljihun wa kuɗin ke fitowa?

A Tawa aka fara gasar a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Yanzu jahohi 8 ke shiga, kowace da mutum 10, wato 'yan kokowa 80, kuma masaukin yana zagayawa daga jaha zuwa jaha. Kowace jaha sai ta gamu da sauran bakwai. Kuri'a ce ke haɗa mutum da abokin karawarsa, saboda haka ƙato ba shi da damar zaɓen mai sauƙin kaye. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya yi sallama da takobi, amma yana ci gaba da kama wa jaharsa. Waɗanda ba a kayar ba su ke tace raini a tsakaninsu.

A Amurka abin ya sha bamban. Manyan jami'o'i kan biya ƙananan makarantu su zo gidansu wasan ƙwallon zari-ruga, domin su cika fili da masu sayen tikiti, su kuma samu nasara cikin sauƙi. Ƙaramar makaranta ta karɓi kuɗi ta riƙe sauran wasanninta. Sai dai ciniki kan juye: a 2007 jami'ar Michigan ta biya Appalachian State dalar Amurka 400,000, baƙin suka doke ta 34 da 32.

A nan gida, gwamnati ce ke ɗaukar babban nauyin gasar, kamfanonin wayar salula da manyan 'yan kasuwa suna tallafawa don a ga sunansu a talabijin. Kyautar zakara ta kai miliyan 10 na sefa a shekarun baya, ban da karin da attajirai da 'yan siyasa ke yi. Karin nan ya fi bin masu suna irin su Issaka Issaka na Dosso, wanda ya ɗauki takobi sau 6. Ƙaramin ɗan kokowa kuwa, in kuri'a ta haɗa shi da gwani ya yi kaye, rana ɗaya ta isa ta canza masa rayuwa.

Nan ne maganar ta shafe ku, 'yan kasuwa. Garin da ya karɓi gasar yana cika da baƙi na kusan kwana goma. Mai tuwo, mai fura, mai kilishi, ɗan kabu-kabu da mai ba da hayar ɗaki duk suna samu. Muddin 'yan gida ba su faɗi ba, fili na cika, ciniki na tafiya. In aka zubar da su tun da wuri, wasu 'yan kallo sai su koma gindin rediyo.

Don haka uwargida mai shirin kai sana'a bakin fili, kada ki zuba jarinki duka a ranar farko. Ki riƙa sauraren sakamako kowace yamma, ki auna tukunyar gobe da yawan 'yan Tawa da suka rage a tsaye.