Hauren Giwa da 'Yan Sandan Duniya

Yaron da ya tashi a Gude, ko Kabo, ko Gwarzo, da wuya ya taɓa ganin giwa, sai dai a hoto. Amma a zamanin kakannin kakanninsa fatake suna kawo hauren giwa Kasuwar Kurmi ta Kano, tare da gashin jimina. Daga nan a ɗora wa raƙuma, a ƙetare hamada da shi har Tarabulus. A lokacin nan ba laifi ba ne.

Yanzu kuwa laifi ne babba, gama giwaye sun ƙare a yawancin dazuzzukanmu, saura kaɗan a wurare irin su Yankari. A 1973 ƙasashe suka ƙulla alkawari mai suna CITES don tsare namun daji daga 'yan ciniki, Nijeriya ma ta shiga. A 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasa da ƙasa.

To, amma hani bai tsai da ɓarayi ba. Maharbi yakan kashe giwa a dajin Kamaru ko Kwango, dillali ya saye hauren, ya shigo da shi Nijeriya a ɓoye. A Legas a sa shi a jirgin ruwa, mai saye kuwa yana can Asiya yana jira. Ga inda wuyar take: ikon ɗan sandan Nijeriya iyakarsa bakin iyakar Nijeriya. In kaya sun fita, ba shi da halin binsu.

Saboda haka 'yan sandan ƙasashe suke haɗa kai a ƙungiyar Interpol, wadda babban ofishinta ke birnin Lyon na Faransa. Ita ba ta kama kowa da hannunta. Aikinta isar da labari, watau sunan ɓarawo, da hotonsa, da hanyar da yake bi. Daga 2017 takan haɗu da 'yan kwastan na duniya kowace shekara, su kai samame a ƙasashe da yawa a lokaci guda.

Ga misalin amfanin labari. A watan Janairu 2019 'yan kwastan na Sin suka tsegunta wa na Hong Kong. Aka buɗe wani babban akwatin kaya da ya taso daga Nijeriya, an rubuta wai naman shanu ne. Sai ga haure ya fi tan 2, da ɓawon ɗan kunya ya fi tan 8. Ɗan kunya wata 'yar dabba ce mai cin gara da tururuwa, in ta tsorata sai ta naɗe jikinta, mutum ya ɗauke ta kamar ƙwarya. Ana neman ɓawonta don magani, alhali abin da ke cikinsa shi ke cikin farcen mutum.

Nijeriya ma tana kamawa. A watan Janairu 2024 aka tara hauren da aka ƙwace, tan biyu da rabi, aka niƙe shi a Abuja a bainar jama'a, don kada ya sake komawa kasuwa.